Fil ɗin Birkin Motar Baba

"Na gaji!" Yaya ya jefa hularsa kan tsohuwar motar marigayi Baba. "Duk 'yan gwangwan na karaɗe su. Sun ce tun kafin a haife ni aka daina ƙera fil ɗin birkin nan."

Auta ta miƙa masa ruwa, kanta a ƙasa. Mai son sayen motar ya ce komai sai na asali, in ba haka ba ya fasa. Bakanike kuwa da ya kwance tayoyin gaba, bai tarar da fil ko ɗaya ba.

"Yaya, a sa na wata motar mana."

"Ke me kika sani? Mutumin nan da tocila yake dubawa."

Auta ta tuna baya. Ranar da numfashin Baba ke sarƙewa ta kira Yaya ya kai shi asibiti, ya ce kada a ɓata masa kujerun motarsa. Amma ana tashi daga zaman makoki, shi ya fara zuwa da dillali.

"Na haƙura," in ji shi. "Riƙe gwangwaninki, kaji su yi ƙwai a ciki."

"To, Yaya. Don Allah in za ka fita rufe min akurki."

Ya duƙa yana tsaki, ya ɗauki ɗan ƙarfen da ke rataye da zare, ya zura a sakatar. Ƙarfen ya shige sumul.

Sai da ya fice Auta ta shafa gaban motar.

"Ka gani, Baba? Fil ɗin da yake nema, da hannunsa ya rufe min kaji da shi. Ɗayan yana can yana tsare min awaki."