Wanda Ya Toshe Kafar

Tun da aka miƙa wa kwamfuta rabon ruwan garin nan, gwamnati ta ɗauki Zuwaira aiki ɗaya: ta riƙa yi wa na'urar kutse kafin mugaye su riga ta. Kowace Litinin takan shiga ta kafa guda, ta ɗauke ruwan ofishin Kwamishina na minti biyar, sannan ta hau bene ta kai masa rahoton a toshe kafar. Rahoto goma sha ɗaya ke nan, duk suna durowarsa ƙarƙashin ledar goro.

Yau ta tarar yana alwala a bakin famfo.

"Malama Zuwaira, yau ba ki ɗauke mana ruwa ba?"

"Ranka ya daɗe, na kasa shiga. An toshe kafar."

"Alhamdu lillahi! Kin ga amfanin haƙuri."

Ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ta gaji da benen nan.

"Na tambayi kowa a sashenmu. Ba mu muka toshe ba."

"To wa ya toshe?"

"Wanda ya riga ya shige, ranka ya daɗe. Ya kulle ta ciki."

Kwamishina ya dubi ruwan da ke tafin hannunsa. Bai kai shi baki ba.