Uwar Almakashi da Ɗan Gulma

Ranar da aka haɗa mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da manhajar da ke lissafa lokacin ma'aikata, kowa a kamfanin ɗinkin ya tafa, ban da matar da ake kira Uwar Almakashi. Ta tsaya a bakin teburinta na yanka yadi, igiyar awo rataye a wuya, tana hararar allon da aka kafe kusa da ƙofa.

A da, kati kawai mutum zai dangwala ya wuce. Manhajar ta rubuta, ta yi shiru. Yanzu an yi mata baki. Mataimakin yana duba lokacin kowa, yana gaisuwa da tattausar murya, kuma in ya ga abin da aka ce ya sa wa ido, nan take zai tura wa Manaja saƙo a waya. Kafin a tashi aiki teloli sun raɗa masa suna Ɗan Gulma.

Ba a yi mako ba ta gane ita aka ɗana wa tarkon. Masu ɗinki su makara, ba ya cewa uffan. Mai guga ya ɓace ya je cin abinci ya dawo yana sakace, ko tari ba ya yi. Amma kullum rana ta take, sai muryar ta cika ɗakin: "Ranki ya daɗe, na duba lokacinki na yau. Na sanar da Manaja."

Sai kekunan ɗinki su rage gudu, kowa ya sunkuyar da kai.

Ta san abin da ake nufi. Tun faɗuwar da ta kwantar da ita a asibiti bara hannunta na hagu ya yi nauyi, shi ya sa ake neman dalilin da za a tura ta gida ta zauna tana kallon bango. Ita da ke wurin nan tun yana shago mai yoyo da keke biyu. Rabin telolin a hannunta suka koyi riƙe alli. Manajar kuwa yarinya ce da ta gama karatu shekaranjiya, aka ba ta ofis mai gilashi a sama. Ladabi kam akwai, ba ta iya haɗa ido da ita, amma taurin kanta ya fi na ƙusa. Inda ta kwaso shi, oho.

"Na ga wanda zai raba ni da teburin nan," ta faɗa a ranta.

Da farko ta bar katinta a gida. Ɗan Gulma ya ga ɗaurin yadi yana fita daga teburin yanka alhali ba a rubuta shigowar mai teburin ba, ya kai rahoto. Washegari ta miƙa wa mai guga hannu ta ce ya ba ta nasa katin. Ya ba ta, ya wuni a waje yana zagaye. Ɗan Gulma ya tambaya cikin ladabi ko mai guga ya koma yanka ne. Ta gwada ƙofar baya da mabuɗinta. Ta rufe allon da ƙyallen atamfa. Duk a banza. Kullum Manaja za ta sauko, ta tsaya daga nesa tana kallonta, har sai Uwar Almakashi ta ɗauki jakarta ta fita tana ƙwafa.

Sai ga kwangilar kayan makaranta ta shigo, yadi tsibi guda, lokaci kuma a ƙure. Ta duba yankan da yaran suka yi, ta ga hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta ture su gefe ta kama almakashi.

Rana ta take. Muryar ta fara, "Ranki ya daɗe..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta taka har bakin ƙofa, ta fizge wayar allon daga bango, ta dawo ta ci gaba da yanka. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Can layin allin ya rabu biyu a idonta, ta dafe tebur har ya koma ɗaya. Wata tela ta turo mata kujera, ta ture da ƙafa.

Ta ji takun Manaja a matakala. Wannan karon ba ta tsaya daga nesa ba. Kekuna duka suka yi tsit.

Uwar Almakashi ta ɗaga kai ta riga ta magana.

"Ki buɗe kunne ki ji. Ban taɓa makara ba, ban taɓa ɓata yadin kowa ba. Ba a haifi injin da zai faɗa mini lokacin da zan ajiye almakashi ba. In kin gaji da ganina, ki faɗa da bakinki a gaban mutanen nan, ki daina aiko mini da allo."

Manaja ta dubi wayar da ke yashe a ƙasa, ta dubi hannun hagun da ke dafe da yadi. Ta durƙusa a gaban teburin, ta sa hannu biyu ta kama bakin almakashin, ta ƙi saki.

"Mama, kamfanin naki ne, ba mai korar ki. Amma likita rabin yini ya yarje miki, kuma in kika sake faɗuwa a kan teburin nan, ni ba ni da wata uwar."