Sunan Mati a Wayar Inna

"Inna ta suma!" aka ce mini, kwana tara da rasuwar maigidana Mati.

Shaguna shida ke amfani da layin waya ɗaya a gininmu na Yelwa, kuma Mati ne ya yi rajistarsa. Maƙwabciyarmu Hansatu ta kira Inna, mahaifiyarsa, a Shanga da layin don ta'aziyya, sai sunan mamacin ya fito a wayar Inna.

Da na nemi a cire sunan, mai gyaran layin ya ce, "Kamfani bai san mutum ba, adireshin gini ya sani."

Sati uku ina zarya a kamfanin ina kuka kafin su cire sunan.

Washegari Inna ta kira ni, rai a ɓace.

"Wa ya aike ki? Kullum ni ke sa Hansatu ta buga mini. Shekara ashirin yaron nan bai neme ni ba, sai yanzu da ya fara hankali!"