Siririn Bango a Hawa na Biyar

Tun a hawa na uku Sakaguchi ya fara haki, amma tsohuwar da ke gabansa ko tsayawa ba ta yi ba. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, tana taka matakalar da safa kawai.

Sakaguchi dillalin gidaje ne, kuma gidan nan ya zame masa ƙarfen ƙafa. Benen ya girme shi, an gina shi can bayan gari tun kafin a tsaurara dokar gini saboda girgizar ƙasa. Babu lif. Kuɗin gyaran da mazauna ke biya duk wata sai hawa yake, darajar gidan kuwa sai sauka. Shugabansa ya riga ya gaya masa in bazara ta wuce bai rabu da shi ba, ya nemi wani aikin.

Ana cikin haka wannan tsohuwa, Uehara Fumie, ta bugo waya. Mijinta ya rasu bara, ta sayar da babban gidansu da ke cikin gari, ta ce wannan take so. Ya yi mata tayin wani sabo kusa da tashar jirgin ƙasa, ta ce ta gode.

Da suka shiga, ya murɗa famfo, ruwa ya fito jajir da tsatsa. Ba ta duba ba. Ya nuna mata tabarmin tatami da suka koɗe, ya buɗe ƙofar baranda, ta ƙi leƙawa. Sai ta wuce ƙaramin ɗakin da ya haɗa bango da maƙwabci, ta durƙusa a can, ta roƙe shi ya rage murya.

Da ya faɗi farashi, bai ji ta nemi ragi ba. Sharaɗinta ɗaya: a rubuta sunan gidan iyayenta a ƙofa, kada a sa na mijinta.

Maimakon murna, sai hankalin Sakaguchi ya tashi. Ya shiga kicin ya fito, ya gyara wuyan rigarsa, ya sake komawa. Akwai abin da bai faɗa mata ba, abin da ya kori duk waɗanda suka zo kafin ita. In ya yi shiru, ya tsira da aikinsa. Ya dubi furfurarta da ƙananan hannayenta, ya ji ba zai iya ba.

"Uwargida Uehara, ki gafarce ni, ban gaya miki komai ba," in ji shi.

Ya bayyana mata cewa bangon nan siriri ne kamar takarda. Mutumin da ke bayansa ya kusa hamsin, kuma ya yi shekara da shekaru bai fito ba. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa. Ba ya gaida kowa, ko danginsa ba ya buɗe wa ƙofa, yini yake yana safa da marwa a ɗaki yana magana shi kaɗai. Mazauna benen tsoronsa suke ji.

"Wallahi da uwata ce ke, ba zan bari ki kwana a nan ba. Ki yi tunani tukuna."

Ta kasa kunne. A bayan bangon aka ja kujera, aka yi taku, sannan wani tari mai ƙarfi ya biyo baya, ya daɗe bai lafa ba.

Tsohuwar ta ɗora tafin hannunta a kan bangon, ta runtse ido, hawaye na bin kumatunta.

"Kawo takardun in sa hannu, yaro," ta raɗa masa. "Ka ji tarin nan? Tun ina goyonsa haka ƙirjinsa yake yi in sanyi ya kama shi."