Kwaɗi Bakwai a Kwalba

Na ajiye sakamakon gwajin a gaban Malam, shugaban sashenmu na nazarin halittu.

"Kwaɗin fadamar nan jinsinsu daban, Malam. Babu irinsu a ko'ina."

Ya cire tabarau. "Ke da bakinki kika ce ɗaya suke da na bakin kogi."

Ni na faɗa. Launinsu ɗaya, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, maƙale da ciyawa. Kukansu ne ya ɗan bambanta, na ce kunnena ne. Na sa hannu a takardar amincewa a cike fadamar a yi gini.

"Yaushe za a fara zuba ƙasa?" in ji Malam.

Na kira mai gadin wurin a waya.

"Ai an gama tun wancan makon, 'yata. Kukan nan ya ɗauke, mun huta."

Idon Malam na kan kantar da ke bayana. Na juya a hankali. Kwalbata ce, kwaɗi bakwai a ruwan magani, da rubutun hannuna a jiki. Su kaɗai suka rage a duniya, kuma ni na kashe su.