Kwafe Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Tana Cikin Aiki

"In kwamfutar nan ta tsaya ko na ƙiftawar ido, kujerarki ta zama ta wani," in ji shugaban ofis ga 'yata. Kowa ya san wanin nan ƙanen matarsa ne. Ni ina gefe, ina jira ta kai ni asibitin ido, amma kunnena ras yake.

Wai kwamfuta ce a cikin kwamfuta, ake son kwafe ƙwaƙwalwarta ba tare da an kashe ta ba. Ƙanen matar ya rantse ba zai yiwu ba. 'Yata ta ce za ta kulle kowane shafi na ƙwaƙwalwar, wanda aka zo rubutu a kansa a kwafe shi tukuna, sannan a buɗe.

Shugaba ya zauna yana buga rubutu da yatsu biyu kamar kaza na tsintar tsaba, yana jira ta daskare. Gogan naku, ƙanen matar, har ya fara shafa kujerar 'yata.

Da shugaba ya gaji, ya ce, "Malama, ki fara mana."

"Ranka ya daɗe, ai na gama tun kana layi na biyu."

Kafin mu shiga mota na kira mutum bakwai na ba su labari.