Yayata ta Bayan Gilashi

Ranar da za a rufe reshe na ƙarshe na kantin tufafin da Mama ke aiki, ni da ita muka tarar an tuɓe 'yar tsanar tallar kaya, an yasar da ita gefen bola.

Tun kantin yana ɗaki guda Mama ke canja mata sutura a bayan gilashi. Araha ta jawo jama'a, rassa suka bazu gari-gari. Duk rigar da rana ta koɗar a jikin 'yar tsanar, manaja kan ce wa Mama, "Kai wa 'yarki." Haka na yi karatu, gabana koɗaɗɗe, bayana sabo fil. 'Yan ajinmu suka sa min suna Juya-mu-gani. Nakan juya musu, kuma in zo ta ɗaya.

Da ciniki ya koma waya, rassan suka dinga mutuwa.

A gefen bolar, Mama ta tsaya a kanta. Na cire mayafina na lulluɓe 'yar tsanar, na saɓa ta a kafaɗa.

Mai gadi ya tuntsire da dariya. "Malama mai digiri, jari-bola kika koma?"

Na ce, "Baba, ba ni hanya. Yayata ce. Da kwancenta na yi digirin."